Kundin Horon Akawal da Kili: Gyaran Halin Doki Tun Daga Ƙasa

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Dawaki biyu ne a hannu, a wata barga cikin birnin Kano ta wajen Ƙofar Na'isa, kuma burin maigidan shi ne su shiga hawan Ƙaramar Sallah, wadda za ta faɗo cikin Maris. Akawal shekaranjiya aka sauke shi daga kasuwar Maigatari. Haƙoransa na gaba na tsakiya da na kusa da su duk sun famfare sun fito na girma, na gefe kuwa har yanzu na nono ne, wato bai kai shekara huɗu da rabi ba. Yana cizo, yana ture mai jansa da kafaɗa, ba ya yarda a taɓa masa ƙafar baya. Kili tsohon hannu ne, ya kusa shekara goma, ya sha hawa. Nasa aibin ya fi haɗari: da an ɗan ja linzami sai tabarya, wato ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, kuma ba ya tsayawa a hau shi.

An yanke shawara babu mai ɗora musu sirdi sai an ga abin da aikin ƙasa ya bayar. Horo sau biyu a rana, bayan asuba da bayan la'asar, kowanne minti 15 zuwa 20. Kayan aiki: ragamar igiya, igiyar ja mai tsawon mita huɗu, sanda siririya mai kamar mita ɗaya da ɗan ƙyalle a bakinta. Ƙaimi da bulala an rataye su.

Laraba, 8 ga Oktoba

Kafin a ce doki na da mugun hali sai an tabbatar ba ciwo ke cinsa ba. Likitan dabbobi ya zo. Zafin jikin duka biyun yana cikin ƙa'ida, tsakanin 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyas, bugun zuciya kuma bai haura 44 a minti ba. Bakin Kili ne ya tona asiri. Turamen haƙoransa na sama sun yi kaifi ta gefen kumatu har sun yanke shi, sannan dasashin da ba haƙori, inda linzami ke zama, ya yi kanta. An goge kaifin da magagari. A bayansa, daidai inda gaban sirdi ke sauka, akwai tabo biyu da suka warke, shaidar sirdi ya taɓa cin sa. An ba su maganin tsutsar ciki, an cire kaska a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne.

Sai batun abinci, wanda shi ne rabin matsalar dawakin cikin gari. Doki yana turke dare da rana, ana dura masa hatsi don ya yi ƙiba ya cika ido ranar hawa, ƙarfin kuwa ba shi da inda zai kai shi sai kan wanda ya matso. An auna Akawal da tef: kewayen ƙirji santimita 160, tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙarshen kuturi 148. Ana ninka kewayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880, ya ba da kusan kilo 320. Doki na buƙatar ciyawa da harawa kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a yini, wato kilo shida da ɗoriya. Da ma kwano biyu na dawa yake samu. Za a sauko da shi zuwa rabin kwano da ɗan dusa cikin kwana goma, a raba sau biyu, a ƙara harawa a madadin. Ruwa ya zauna a gabansa kullum. A irin zafin ƙarshen damina yakan sha lita 30 ko fiye.

Asabar, 11 ga Oktoba

Darasin farko, wanda sauran duka ke kansa: matsi da saki. Doki yana koyo ne a daidai lokacin da aka sakar masa. Abin da yake yi a wannan daƙiƙar shi zai ɗauka a matsayin amsa.

An fara da sunkuyar da kai. A riƙe igiya taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a ɗan ja ƙasa da nauyin da bai wuce na kofin shayi ba, a tsaya a haka. Kada a fizga, kada a ƙara ƙarfi. Akawal ya ɗaga kai sama, ya girgiza, ya ja da baya; hannu ya bi shi da matsi iri ɗaya. Bayan kusan daƙiƙa 40 kan ya ɗan sauko, bai fi faɗin yatsa biyu ba, nan take aka buɗe hannu. A karo na takwas, taɓawa kawai yake jira. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne kwaɗayi: kai ya sauko kaɗan, mai horo ya ci gaba da ja don ya samu ƙari. To ya koya wa dokin cewa saukowa ba ta da lada. Kuskure na biyu shi ne gajiya, a saki lokacin da kan ke sama, ka ga an koya masa ɗaga kai ke nan.

Daga nan ja da tsayawa. Mai ja yana daidai wuyan doki ta hagu, igiya da ɗan sassauci, ragowarta a ninke a hannun hagu. Ba a naɗe igiya a hannu ko sau ɗaya, don yatsu da yawa sun tafi ta haka. In mutum ya tsaya, doki ya tsaya. In ya wuce, a girgiza igiya gefe da gefe, a taɓa ƙirjinsa da sanda har ya koma baya taku biyu, a saki, a bar shi ya yi shiru na daƙiƙa goma. Matakan matsin huɗu ne kuma jerinsu ba ya canzawa: a fuskance shi, a ɗaga yatsa, a girgiza igiya, sanda ta taɓa. Wanda ya fara da sanda ya hana dokinsa damar koyon amsa yatsa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Cizo. An gano tushensa: yaran gida na ba Akawal rake da dabino a tafin hannu, shi ya sa duk wanda ya zo sai ya caje shi da baki. An hana. Komai a zuba a kwarya a ƙasa. An kuma hana marin hanci, domin ingarma matashi yana ɗaukar mari wasa ne irin wanda yake yi da 'yan'uwansa, ya kai baki ya kauce, ga shi kuma yana jawo ƙin a taɓa kai. Abin da ake yi: a zana da'ira a zuci mai tazarar hannu ɗaya a miƙe. Hanci ya shigo ba a gayyace shi ba, a mayar da shi baya taku huɗu da hanzari, cikin daƙiƙa biyu ko uku da laifin, sannan a ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba. Hukuncin da ya wuce daƙiƙa uku ba ya haɗuwa da laifin a kan doki. Litinin ya kai baki sau 11 a zama ɗaya, yau sau biyu.

Talata, 21 ga Oktoba

Gusar da kuturi. Wannan shi ne birkin gaske, don ƙarfin doki a ƙafafun baya yake, kuma dokin da ƙafarsa ta baya ta gitta ɗaya gaban ɗaya ba ya iya tabarya ko zabura a wannan lokacin. A tsaya daidai kafaɗa, a ɗan karkato hancinsa wajenka, a dubi kuturi, a kaɗa sanda a iska wajen cinya. Abin da ake nema: ƙafar baya ta kusa da kai ta shiga ƙarƙashin ciki ta gitta gaban ɗayar, ƙafafun gaba kusan a wuri ɗaya. In ta gitta ta baya, yana ja da baya ne, a ɗan tura shi gaba a sake. Taku ɗaya ya isa a ranar farko. Akawal ya kama ta hagu cikin minti biyar, ta dama sai da aka kwana uku, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga dokin da tun yana duƙushi ta hagu kaɗai ake zuwa masa. Duk abin da aka koya a gefe ɗaya sai an sake shi daga farko a ɗayan.

Ƙafar baya kuma ba da hannu aka fara ba. An ɗaura tsohuwar safar hannu cike da tsumma a bakin sanda, ana shafa daga kuturi zuwa ƙasa. Ya yi harbi, safar tana nan manne. Ya ajiye ƙafa, a ɗauke. Da hannu ne da tuni an janye a harbin farko, shi kuma ya koyi cewa harbi na korar mutum. Yanzu yana ɗaga ƙafar gaba daƙiƙa 20, ta baya daƙiƙa biyar. Mutum ne zai ajiye ƙafar da kansa kafin doki ya ƙwace. Kofatonsa na baya sun yi tsawo, amma yanka sai ya kai minti ɗaya a ɗage.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Zagaye a doguwar igiya, mita takwas, a wani fili mai rairayi bayan ganuwa. Da'irar ta kai mita 15 a faɗi. Wadda ta gaza haka tana wahalar da gaɓoɓin doki matashi. An yi kuskure a makon nan. Yaron barga ya ɗauka manufar ita ce a gajiyar da doki, ya yi ta kora shi da gudu har rabin awa. Sakamakon: washegari da aka saki igiya, Akawal ya zabura da kansa, kai a waje, yana jan mutum. Yaron ya ce, "Malam, ai na ga ya yi laushi jiya." Laushin gajiya ne, kuma dokin da ake gajiyarwa kullum ƙarfi yake ƙarawa.

An koma tafiya zalla. Zagaye biyu, a tsayar ta hanyar gusar da kuturi, a juya, zagaye biyu. Sassarfa kaɗan, a dawo tafiya. Yawan canjin ne ke sa kunnensa na ciki ya juyo wajen mai horo, kuma wannan kunnen shi ake kallo. Minti 12 gaba ɗaya.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Kili. Bakinsa ya warke, don haka an shiga maganar tabarya. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana kama haɓa ta ƙasa, harshensa na ƙarfe kuma yana dukan ganɗa in an ja. A hannun gwani da ke riƙe da kamazuru, wato igiyar linzami, sakwa-sakwa, taɓawa ce kawai, shi ya sa ake iya zamiya a gaban Sarki da hannu ɗaya. A hannun mai koyo kuwa azaba ce. Ga yadda tabarya ke samuwa: ƙaimi na cewa tafi, linzami na cewa tsaya, gaba a rufe, baya a rufe, sai sama. Da ya miƙe, mahayi ya tsorata ya saki linzami ya kama geza. An sakar masa a sama ke nan, kuma Kili ya haddace wannan karatu shekaru. Har akwai masu koya wa doki haka da gangan don burge 'yan kallo, su manta cewa dokin da ya kife ta baya a kan kwalta mahayinsa yake dannewa.

An cire linzamin, an sa mai gaɓa a tsakiya irin na 'yan folo, wanda ba shi da zobe. Daga ƙasa, a tsaye daidai inda majayi, wato maɗaurin sirdi ta ƙarƙashin ciki, ke bi, a ɗauki kamazuru ɗaya kawai a ja a hankali zuwa kan kafaɗa. Hanci ya karkato, igiya ta yi sako-sako, a saki. Ranar farko da ya ji nauyi a baki sai ya taƙure, ƙafafun gaba suka yi sauƙi, alamar zai tashi. Maganin a nan shi ne motsi: a tura kuturi gefe tun bai tashi ba. Alamomin suna zuwa da wuri ga mai lura: tsayawa cak, wuya ya sandare, kai ya hau sama, wutsiya ta manne. Ba a jan kamazuru biyu tare a wannan mataki ko kaɗan. Sau goma kowane gefe, safe da yamma.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Sabo da abin tsoro. Dokin hawa zai haɗu da laima, tuta, kalangu, algaita, kakaki, guɗa, ga bindigogin 'yan bindiga, ga jama'a ta ko'ina daga filin Idi na Ƙofar Mata har Ƙofar Kudu. Idon doki yana ganin kusan duk kewayensa, ban da daidai bayansa da daidai gaban goshinsa, shi ya sa abin da ya ɓullo daga waɗannan wurare biyu ya fi razana shi.

An fara da baƙar leda a bakin sanda. A nemo tazarar da ya fara ɗaga kai bai motsa ƙafa ba. Ga Akawal mita biyar ce. A kaɗa a nan da kari iri ɗaya. Ya motsa, a ci gaba da kaɗawa ana binsa, igiya a sake, kada a riƙe shi da ƙarfi. Ya tsaya ya nuna alamar sanyi, wato lumshe ido, lasar leɓe, sauke wuya ko sakin numfashi, a janye ledar a juya masa baya. Dabarar da ta fi aiki ita ce a sa wani ya yi gaba da abin tsoron doki na binsa. Abin da ke gudunka ba ya cinka. Laima ta ci kwana huɗu, domin buɗewarta ce matsalar. Kalangu an fara shi daga nisan mita 30 lokacin cin harawa. Ɗaure doki tamau a turke a yi ta buga masa ganga har ya daina motsi ba sabo ba ne. Irin wannan ya daskare ne, kuma ranar da ya narke a tsakiyar taro zai narke.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Koma baya. Wani baƙo ya shiga barga ya kaɗa wa Akawal babbar riga a fuska, ya ja da baya har igiya ta tsinke, ƙeyarsa ta ɗan kuje. Kwana biyu ba ya yarda a kai hannu kunnensa. An koma darasin 11 ga Oktoba. Ba a ɗaure shi kai tsaye yanzu: doguwar igiya ake zagayawa sau ɗaya a turke, mutum na riƙe da bakinta, in ya ja ta ɗan zame, in ya matso gaba ta saki. An kuma sa sakata a ƙofar barga.

Asabar, 6 ga Disamba

Sirdi. An gwada shi a bayan Kili ba zubuka, wato shimfiɗar ƙarƙashin sirdi: yatsu uku su shiga tsakanin gaban sirdi da ƙashin kafaɗa, tafin hannu ya bi ƙarƙashinsa ba inda ya matse. Tsohon sirdin ya faɗi wannan jarrabawa, yana zaune kan tabon nan biyu daidai. An kai shi Kasuwar Kurmi a sake masa ciko. Majayi ana ɗaure shi mataki uku: sako-sako, a ja doki taku goma, a ƙara, a sake tafiya, a ƙarasa. Fizge shi lokaci ɗaya ne ke haifar da cizo da kumbura ciki. Akawal ya yi tutsu sau uku a zagayen farko da likkafa ta bugi haƙarƙarinsa. An bar shi yana tafiya har ya daina, sannan aka sauke sirdin.

Tsayuwa a hau. Kili ya saba ana riƙe masa kai mutum biyu, mahayi na zama ya soka ƙaimi. An rarraba hawan gunduwa-gunduwa: tsayawa a gefensa, riƙe sirdi, girgiza shi, sa ƙafa a likkafa, ɗora nauyi, sauka. Ya motsa a kowane mataki, a gusar da kuturi zagaye biyu, a dawo da shi wurin da ya bari, a ba shi hutu a nan. Yatsan ƙafa kada ya soki cikinsa. Yau an kwanta a kan sirdi sau shida bai ɗaga ƙafa ba. In an kai ga zama, za a zauna minti ɗaya cur kafin a nemi taku, wani lokacin ma a sauka ba a je ko'ina ba.

Litinin, 15 ga Disamba

Fita lungu a ja, da sanyin safiya. Hunturu ya shigo, iska na kwaso leda, dawakin sun ƙara kuzari kamar yadda suke yi duk sanyi. Adaidaita sahu da babura ba su dame su ba in daga gaba suke, na baya ne sai an karkato kai sun gani. Kwata ce ta tsayar da Akawal. Ba a tsaya gabansa ana ja ba, domin in ya yi tsalle kan mutum zai sauka. A tsaya a gefe, a tura shi kamar a zagaye, a bar shi ya sunkuya ya shinshina. Ya dubi kwatar, a saki. Ya juya baya, a matsa. Minti 25 kafin ya tsallaka, da tsalle. An maimaita har sau bakwai sai da ya taka ta da tafiya. A gida an shimfiɗa baƙin tamfol da faifan katako don ya saba da ƙasa mai duhu da mai ƙara. A kan kwalta tafiya kawai, don santsi.

Asabar, 27 ga Disamba

Kili ya yi kilisa uku da mahayi, da linzami mai gaɓa, tafiya da sassarfa, tsayawa da kamazuru ɗaya. Sau ɗaya ya taƙure, da wasu dawaki suka wuce shi a guje. An karkatar da kai an tura kuturi, bai tashi ba. Wannan ya nuna inda aiki ya rage: cikin ayari. Mako mai zuwa za a haɗa shi da dawaki biyu masu sanyi, su wuce shi da tafiya, shi ma ya wuce su, ana barin tsawon doki ɗaya tsakani. Linzamin gargajiya ba zai koma bakinsa ba sai ya yi wata guda yana tsayawa da zama da murya, kuma sai a hannun mahayi ɗaya.

Akawal an hau shi sau biyu cikin fili, ana riƙe da igiya daga ƙasa, minti goma-goma. An yanke kofatonsa huɗu ba dabaibayi. Ƙarar bindiga an fara kwaikwayonta da buga katako biyu daga mita 20, yana ɗaga kai amma ba ya motsa ƙafa. Kayan ado masu lilo da ƙararrawa ba a gwada ba tukuna. Jalala, wato shimfiɗar ado ta sirdi, za ta fara ranar Laraba, sauran ɗaya bayan ɗaya, kwana uku-uku. Azumi zai kama bayan tsakiyar Fabrairu, horon la'asar zai ragu, don haka duk wani sabon darasi sai an gama shi kafin nan. An gaya wa maigida cewa Kili na kan hanya, Akawal kuwa in ya je hawan bana a ja za a kai shi, ba mahayi, a bayan ayari. Bai amince ba tukuna. An sa 31 ga Janairu a gwada shi cikin dawaki goma da makaɗa, a yanke hukunci a kan abin da aka gani.